Zarto Mai Jan Mariƙi

Shafi na 27

Masu turo min saƙo tun safe wai na bar ku a rataye, ku yi haƙuri ku gyara zama. Ke kuma da kika rantse Mai Biro ba ta da laifi, karanta wannan tukuna sannan mu yi magana.

*

Sau uku Mai Biro tana ƙirga takardun a kan teburin rubutunta, sau ukun kuma a falle na ɗari biyu da goma sha ɗaya suke tsayawa. Na ƙarshen babu shi.

Ta zazzage ledar. Ta duba ƙarƙashin tebur. Har jakar makarantar yara sai da ta leƙa, alhali ta san aikin banza take yi.

Auta ba ta ɓatar da takarda. Shekara shida ke nan ƙanwar mijin nata ke buga mata littattafanta a kwamfuta, ita tana rubutawa da hannu tana aika mata kashi-kashi, ko kusurwar falle ɗaya ba ta taɓa dawowa a lanƙwashe ba. Yarinyar da ko ƙusar takarda ta faɗi ƙasa sai ta tsuguna ta nemo ta, ita ce yau za ta yar da falle guda? A'a. Cire shi aka yi.

Littafin sata da kisan kai tara Mai Biro ta rubuta, kuma a cikin kowanne takan sa mai laifi ya yi wani ɗan ƙaramin kuskure da zai tona masa asiri. Ta zauna tana tunanin me ke cikin fallen nan. Wasiƙa ce, wadda uba a cikin labarin ya rubuta wa ɗansa yana korarsa. Ta tuna ranar da ta rubuta ta: hannunta na gudu shi kaɗai, ba gogewa ba tsayawa, har ta ji daɗin yadda aikin ke tafiya.

Sai a lokacin ta gane abin da ya sa Auta ta riƙe shi.

Ta ɗauki jaka ta fita, ko ƙofar ɗakin rubutun ba ta tsaya kullewa ba.

Shagon Auta ɗan ƙarami ne, a tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da tabarau. Ƙofar gilashi, tebur biyu, na'urar fotokwafi mai tari kamar tsohon da mura ta kama, sai kantar takardu da ta karkace gefe guda tun bara. Rana ta take, babu kowa a ciki sai ita.

"Sannu da aiki, Auta."

"Sannu, Anti."

Ba ta ɗago ba. Auta da ke tarar ta da tsokana tun daga bakin ƙofa, "Anti yau wa za mu kashe?", yau idonta na kan allon kwamfuta, kuma babu abin da take bugawa.

"Falle ɗaya ya maƙale a wurinki."

"Wanne?"

"Na ƙarshe."

"Au."

"Au kawai?"

Auta ta miƙe, ta je ta juya ɗan allon da ke jikin ƙofa zuwa AN RUFE, ta dawo ta zauna. Ta jawo durowa ta fito da takarda biyu, ta shimfiɗa su gefe da gefe. Ɗaya fara ce sabuwa. Ɗayar ta yi ruwan ƙasa don tsufa, duk wuraren ninkin sun kusa rabewa.

Mai Biro ta san tsohuwar. Ta san ta fiye da yadda ta san fuskar 'ya'yanta.

"Daga akwatin Mama kika ɗauko wannan?"

"Tana barci na ɗauka. Zauna, Anti."

"Tsayuwar ma ta ishe ni."

"Ki zauna, don Allah."

Ta zauna.

Auta ta ɗora yatsa a kan sabuwar. "Shekara shida ina kallon rubutunki. Ƙanana, a kwance, kamar tururuwa sun yi layi. Takarda ɗari biyu da sha ɗaya duk haka suke. Ina zuwa wannan, sai na ga Baba."

"Auta..."

"Bari in gama. Dubi yadda aka danne biro har ya fito ta baya. Baba da fensirin kafinta ya saba, bai san rubutu a hankali ba. Dubi ƙarshen kowane layi, ɗan karan nan da yake ja a karkace, kamar yana sa wa katako alamar inda za a yanka. Waye yake haka a duniyar nan in ba shi ba?"

Mai Biro ta yi 'yar dariya, ita kanta ta ji dariyar ba ta zauna ba.

"Ke ma dai. Sau nawa Mama ta fito da wasiƙar nan a gabana tana kuka? Marubuci ai ɓarawon ido ne. Abin da ya gani ya shige shi, ba ya ma sani."

"Na faɗa wa kaina haka."

"To?"

"Kwana biyu ina faɗa wa kaina haka. Na ce Anti ce fa, wadda ta yi jinyata wata biyu lokacin da na karye. Na ce kalmomin ta haddace, hannun ma ta kwaikwaya don labarin ya yi armashi. Har na yarda." Ta zame yatsanta zuwa ƙasan fallen. "Sai wannan layin ya hana ni barci."

Layin ƙarshe ne, wanda ya tsaya a tsakiya ba a ƙarasa ba:

*Zarton nan mai jan mariƙi da na ba ka,*

"Babu shi a wasiƙar Baba," in ji Auta. "Ga ta nan, duba. Ta ƙare ne a kan *kada ka sake taka ƙofar gidana.* Tun ina 'yar shekara goma nake karanta ta, ko cikin barci aka tashe ni zan kawo miki ita. Babu zarto a ciki."

"Ƙirƙira ce. Aikina ke nan."

"Ƙirƙira?" in ji Auta. "Baba ya ba babban wanmu, Yaya Babba, zarto mai jan mariƙi ranar da ya haɗa kujerarsa ta farko. Da shi ya tafi, shi kaɗai ya ɗauka a gidanmu. Tun ranar ba a sake ambaton zarton nan ba, don Mama ba ta iya ji. Kin shigo gidanmu bayan shekara takwas da tafiyarsa. Waye ya faɗa miki launin mariƙinsa?"

Na'urar fotokwafi ta yi tari ta yi shiru.

Mai Biro ta kalli ƙofa. Ta kalli takardun. Ƙarya uku suka zo mata a jere, kowacce da ƙafafunta, don ƙarya ai ita ce sana'arta, da ita take ciyar da masu karatu. Amma ta gaji. Shekara goma sha huɗu tana zuba wa Mama ruwan wanka, tana yanke mata farce, tana jin ta tana tambayar duk baƙon da ya zo daga nesa ko ya ga wani dogo mai tabo a haɓa. Ta gaji har cikin ƙashinta.

"Ni na rubuta ta," ta ce.

"Na san ke kika rubuta, littafinki ne."

"Ba wannan ba." Ta nuna tsohuwar. "Waccan."

Auta ba ta yi ihu ba. Da ta yi ihun ma da ya fi sauƙi. Hannunta kawai ta janye daga kan teburin a hankali, ta ɗora a cinya.

"Sake faɗa."

"Babanku bai kori Yayanku ba. Bai taɓa ganin takardar nan ba. Yana kwance a asibiti ɓarin jikinsa a shanye, ko cokali ba ya iya riƙewa. Ni ce na zauna na rubuta ta, ina da shekara goma sha tara."

"Ke wace ce?"

"Ni ce dai."

"A'a. Ke wace ce? Don matar Yayana da na sani koyarwa ta yi kafin ta fara rubutu."

"Ban taɓa koyar da kowa ba. A bayan shagon wani mai sassaƙa hatimi na yi aiki, shekara huɗu. A gaba yana yi wa mutane hatimin ofis, a baya ni ce. Takardar shaidar makaranta, sa hannun wanda ya mutu, wasiƙar likita. A ba ni rubutun mutum in kwana uku da shi, ko matarsa ba za ta bambance ba. Da aka kama Mai Hatimi bai ambaci sunana ba, ya mutu a tsare. Ni kuma na canza gari, na fara rubuta abin da na sani a matsayin labari. Mutane suna ta yabo wai na iya bincike."

"Bincike," Auta ta maimaita, kamar ta tauna tsakuwa.

"Ban san ku ba a lokacin, wallahi. Ba a faɗa min suna, ba na tambaya. Mai Hatimi ya kawo min wani littafin awo duk ƙurar katako, ya ce ga hannun. Ya kawo wata takarda da aka buga da tafireta, ya ce ga abin da za a rubuta. Shi ke nan."

"Yaushe kika sani?"

"Wata bakwai da aurena. Ranar da Mama ta fara buɗe akwatin a gabana."

"Ranar da kika faɗi a tsakar gida aka ce ciki ne."

"Cikin ma akwai. Amma ba shi ya kayar da ni ba."

Auta ta tashi ta je jikin karkatacciyar kantar ta tsaya, ta ba ta baya. Kafaɗunta na motsi.

"Kin san Yaya Babba ya zo ranar da aka binne Baba? Bai shigo ba. A bakin ƙofa ya tsaya, don takarda ta ce kada ya taka. Ya miƙa wa Mama ita ya ce, ga abin da mijinki ya bar min. Na riƙe masa riga, ya ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya. Shekara ashirin da biyu ina jin haushin mahaifina a kabari, Anti. Ko addu'a zan yi masa sai na yi ta da ƙyar."

Mai Biro ba ta ce a yafe mata ba. Ta san kalmar ta yi ƙanƙanta, kuma kunya ba za ta bar ta ta fito ba.

Auta ta juyo tana share fuska da bayan hannu. "Zarton fa? Har yanzu ba ki faɗa min ba."

"Yana cikin takardar da aka ba ni in kwafa. Shi ne layin ƙarshe."

"Amma babu shi a nan."

"Ban rubuta ba. Na kwafe komai, ina zuwa nan hannuna ya ƙi. Ban san yaron ba, amma na ce ko waye shi, an raba shi da uba an raba shi da gida, a bar masa abu ɗaya mana. Na sa hannun Babanku a ƙasa, na liƙe ambulan da kaina na ba Mai Hatimi. Bai buɗe ba, wanda ya karɓa ma ban jin ya buɗe, don an rubuta sunan mai ita a baya da hannun Baba, buɗewa zai ɓata aikin." Ta kalli sabon fallen. "Wancan makon ma da na zo wurin, a nan hannun ya sake tsayawa. Ban ma lura da hannun wa nake rubutu ba."

"Me ya ce? Ƙarashen."

Mai Biro ta runtse ido. Ba ta taɓa furta shi da baki ba.

"*Zarton nan mai jan mariƙi da na ba ka, ka ajiye min shi a bakin ƙofa, don hannunka bai cancance shi ba.*"

Auta ta dafe ƙirji.

"Waye zai rubuta wannan? Waye ya tsani Yaya Babba haka?"

"Ban sani ba. Shekara goma sha huɗu ina kallon fuskokin danginku ɗaya bayan ɗaya a wurin kowane taro. Na zargi ƙanin Babanku. Na zargi wanda suke haɗa aiki da shi. Har Mama na taɓa zarga, Allah ya yafe min. A kowane littafi nawa akwai ɗaya daga cikinsu."

"Littafin awon Baba ba ya fita daga wurin aiki. A durowa yake, a kulle."

"To wani ya buɗe."

Auta ta kalli titi ta cikin gilashin. Sai ta ce, a hankali, "Na kira Yaya, mijinki."

Mai Biro ta ɗago da sauri.

"Kin faɗa masa?"

"Na ce ya zo ya gyara min kanta. Na so in nuna masa fallen ya faɗa min ko idona ne ke min gizo. Ban san za ki riga shi zuwa ba."

"Auta, ki ba ni kwana ɗaya. Ɗaya tak. Ni zan faɗa masa da bakina, a ɗakinmu, ba a shago ba."

"Kin samu shekara goma sha huɗu."

"Don yaran nan. Ki dubi yaran."

"Mama ma yaro ta rasa."

A tsallaken titi motar ɗaukar katako ta tsaya. Mijinta kafinta ya fito, ya tsaya yana jiran motoci su wuce, jakar kayan aiki a kafaɗa, fensir a bayan kunne. Mutumin da ya riƙe wurin aikin Baba shi kaɗai tun bayan rasuwarsa. Mutumin da ko takardar magani aka ba shi sai ya miƙo mata ya ce karatu na sa shi barci, amma ya zo taron ƙaddamar da littafinta na farko ya zauna a layin gaba, ya dinga zuwa har sai da ta aure shi. Kullum in ta tambaye shi me ya kai shi wurin, sai ya ce inuwa ya shiga nema.

Tana son sa. Wannan ne abin da ya fi ci mata rai a daidai lokacin, tana kallon sa yana tsallako titi yana ɗaga wa mai gyaran agogo hannu.

Ya turo ƙofa da kafaɗa.

"An rufe, an rufe, ashe taron mata ake. Mai Biro, ke ma nan kike? Yau wa kuka kashe?"

Babu wadda ta yi dariya. Auta ta riga ta zame tsohuwar wasiƙar ta mayar durowa. Sabon fallen kawai ta bari.

"Yaya, kafin kantar. Duba min wannan."

"Ni da karatu? Kin san..."

"Duba kawai."

Ya ajiye jaka, ya ɗauka yana nisanta ta da ido. Murmushin ya ɗan tsaya a fuskarsa, sannan ya dawo.

"Ikon Allah. Wannan ai Baba ne sak." Ya kalli matarsa. "Wasiƙar akwatin Mama kika sa a littafi? Haba Mai Biro. Ai sai ki tambaya. Wannan abin ciwo ne a gidanmu, ni ko kallon ta ban taɓa iya yi ba, Auta ga ta nan, in Mama ta fito da ita fita nake."

"Haka ne," in ji Auta. "Ba ka taɓa tsayawa ba."

"Zuciyata ba za ta ɗauka ba. Amma ai duk mun san abin da ke ciki." Ya girgiza kai yana bin layukan, yana karantawa ƙasa-ƙasa. "*Daga yau ba ni ba kai... kada ka sake taka ƙofar gidana... Zarton nan mai jan mariƙi da na ba ka,*" ya juya bayan fallen, ya ga babu komai, ya ajiye shi a tebur yana sauke numfashi, "*ka ajiye min shi a bakin ƙofa, don hannunka bai cancance shi ba.* Kai, Baba ya yi zafi a nan. Allah ya jiƙansa. Ki cire wannan daga littafin, kin ji? Ina kantar take?"

Ya sunkuya zai buɗe jaka.

Mai Biro ta bi shi da kallo. Ba ya nan lokacin da ta faɗi layin nan. Motarsa ma ba ta iso ba.

"Yaya," in ji Auta.

"Na'am."

"A ina ka ji ƙarashen?"

"Wane ƙarashe? A wasiƙar mana."

Ta jawo durowa. Ta fito da tsohuwar takardar, ta warware ta da hannu biyu, ta tura masa har gabansa.

"Nuna min."

Ya kalle ta. Ya kalli takardar. Karo na farko a shekara ashirin da biyu ya sunkuya a kanta, ya bi ta da yatsa tun daga sama, layi bayan layi, har yatsan ya iso kan sa hannun Baba. Ya koma sama ya sake bi. Ya juya bayanta.



Ya miƙe a hankali. Bai kalli ƙanwarsa ba. Ya taka zuwa ƙofar gilashin, ya murza makullin da ke jiki, ya zare shi ya sa a aljihu.

Sannan ya juyo ya dubi matarsa, da wata irin fuska da ba ta taɓa gani ba a shekara goma sha huɗu.

"Mai Biro," ya ce, "waye ya ba ki izinin cirewa?"